Gurbin Sunan Ɗan Fari

Ranar da Gidaɗo ya fara ganin Na'ima, da caja a hannunsa ya shigo, yana neman inda zai soka ta.

Ofishin ɗan ƙarami ne, shago ɗaya a unguwar Sheshe da Hajiya Zinariya ta mayar wajen aikin ƙungiyarta. Hajiya tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, ta yi ritaya amma ta kasa zama. Ita da wasu mata goma sha biyu ke bi gida-gida suna tuna wa iyaye ranar rigakafin yaransu. Da ƙafafu suka fara gajiya, sai aka ba ta shawara a yi manhajar da za ta riƙa tura saƙon ta waya.

Soket ɗaya ne a ofishin, kuma yana bayan kujerar wata budurwa mai hijabi ruwan toka da ta duƙufa a kan kwamfuta. Ya yi sallama, ta amsa ba ta ɗago ba. Ya ci gaba da tsayuwa, don shi bai iya ce wa mutum ya matsa ba. Can ta juyo, ta ga mutum tsaye kamar mai bin layi.

"Malam, tun ɗazu kake nan?"

"Ban daɗe ba."

"Minti goma cur, ina kallon agogo," in ji Hajiya daga kan tabarmarta. "Na'ima, Gidaɗon da na ba ki labari ke nan. In ba ki tambaye shi ba, a nan za ki tashi ki bar shi."

Na'ima ta yi dariya ta ja kujera. Shi kuwa da ya sunkuya zai soka cajar, sai da ya yi sau uku kafin ta shiga.

Gidaɗo ɗan unguwar Dukawuya ne. Kakanninsa makiyaya ne da suka zauna cikin birni tun kafin a haife shi. A aji uku na ƙaramar sakandare karatunsa ya tsaya, ya koma shagon gyaran kwamfuta. A nan ya koyi rubuta manhaja, daga bidiyo a waya, yana maimaita kowanne sau uku saboda Turancin masu bayanin ya fi ƙarfin kunnensa. Na'ima kuwa da digirinta. 'Yar Malam Tajuddeen ce na Kabara, yayan Hajiya Zinariya, malamin da marubuta ke kai wa littattafansu ya duba kafin a kai maɗaba'a.

Da Django suke gina manhajar, wato ginshiƙin da ake ɗora shafin intanet a kai, bayanan yaran kuma suna ajiye a rumbun PostgreSQL. Na'ima ke rubuta yawancin kod ɗin, wato jerin umarnin da manhajar ke bi. Shi Gidaɗo nasa aikin yana kan wani abu da ake kira mypy. Wannan ba ya kunna manhaja, karanta ta kawai yake yi tun kafin a kunna, ya duba ko kowane abu yana muhallinsa. Inda aka ce lamba, lamba ce? Inda aka ce suna, tabbas akwai sunan, ko zai iya zama wayam? Da ya ga saɓani sai ya fito da jan rubutu.

Mutane da yawa ba sa son takurarsa. Gidaɗo kuwa yana ji da shi, domin shi ne malamin da ya taɓa nuna masa kuskure bai yi masa dariya ba.

A satin farko jan rubutu ya fito a kan lambobin waya. Na'ima ta ajiye su a matsayin adadi, kamar na lissafi, sai sifirin farko ya faɗi daga kowace. Gidaɗo ya yi ta juya yadda zai gaya mata har aka kira azahar. Da ya faɗa, ta duba, ta dafe goshi, sannan ta kalle shi da gefen ido.

"Daga yau sunanka Mai Jan Biro."

Sunan ya bi shi. Da yamma bayan an tashi, saƙonta na farko ya shigo:

"Mai Jan Biro, na gyara. Ka duba min, amma a hankali, zuciyata ba ta son ja."

Ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge, sannan ya tura:

"Na duba, Malama. Babu ja ko ɗaya. Allah ya ƙara basira."

"Shi ke nan? Babu ko ɗan yabo?"

"Aikinki yana da kyau. Tun ranar farko na gani, na rasa yadda zan faɗa."

"Aikin kawai?"

Wannan bai amsa ba sai washegari, kuma da baki. Ya ajiye mata kwanon fura da nonon da Innarsa ta dama, ya ce da kansa a ƙasa, ba aikin kawai ba.

Wata huɗu suka yi a haka. Ta koya masa karanta dogon bayani na Turanci ba tare da tsoro ba, shi kuma ya koya mata zama da matsala har ta bayyana kanta. Malama ta koma Nana a bakinsa. Hajiya tana gani tana yi kamar ba ta gani, sai dai ta fara zuwa da abincin mutum uku.

Da maganar ta kai kunnen Malam Tajuddeen, bai ɗaga murya ba. Ya ce shi ba zai yi wa 'yarsa dole ba, amma ba zai ɗauke ta ya ba wanda bai yi nisa a boko ba, bai kuma yi nisa a littattafai ba. Gidan ilimi ne, in ji shi, kuma ba don raini ya faɗa ba. Sannan ya ambaci Umair, ɗan ƙaninsa, wanda ke aiki a wani kamfanin manhaja a Legas kuma ya daɗe yana nuna yana ciki.

Na'ima ta yi kuka a ɗakin Hajiya. Gidaɗo da ya ji, sai ya ce Malam bai faɗi ƙarya ba. Fatansa ɗaya ya rage: Hajiya ta gayyaci Malam ya buɗe taron ƙaddamar da manhajar da addu'a ranar Asabar. In ya zo ya ga aiki ya tsaya da ƙafarsa, wataƙila ya sake duba maganar.

Ana saura kwana uku Umair ya zo hutu, Malam ya ce ya leƙa ya taimaka musu. Saurayi ne mai fara'a da saurin hannu, ga ƙamshin turare. Cikin awa biyu ya gyara abubuwan da suka ɗauke su sati. Sai ya kunna mypy, jan rubutu ya fito wuri goma sha bakwai, duk a kan abu ɗaya: sunan yaro.

Asalin abin shi ne, lokacin da Na'ima ke kwashe tsofaffin rajistocin ƙungiyar zuwa rumbun bayanai, ta tarar da yara sittin da uku ba suna. Ta ɗauka sakacin masu rubutu ne, sai ta bar gurbin a buɗe da niyyar a cike daga baya. Shi kuwa mypy ya ga gurbin zai iya zama wayam, ga shi kuma ko'ina a kod ɗin ana amfani da sunan kamar tabbas yana nan.

Umair ya ce abu ne mai sauƙi. Akwai 'yar alama da ake sa wa a ƙarshen layi, a ce wa mai dubawar ya kau da kai. A sa ta wuri goma sha bakwai, matan ƙungiya su cike sunayen kafin Asabar, an gama.

"Ni dai ban sa hannu ba," in ji Gidaɗo.

Umair ya yi murmushi. "Malam Gidaɗo, mu a kamfani kullum muna yi. Wannan abin don masu koyo aka yi shi, ya riƙe musu hannu. Ba wahayi ba ne."

"Haka ne. Amma bai yi ƙarya ba."

"To me kake so a yi?"

"A jira tukuna."

Dalilin yana zuciyarsa, amma bai tabbatar ba, kuma maganar ta taɓa mahaifiyarsa, ba zai iya buɗe ta a gaban baƙo ba. Da yake da Turanci-Turanci ake muhawarar, Hajiya ba ta kama komai ba sai cewa mutum biyun da ta ba amana ba su daidaita ba, don Na'ima ta bi bayan Umair, Gidaɗo kuma ya ƙi. Dokarta kuwa tun farko ita ce ba a sakin aiki sai su biyun sun yarda. Ta ɗaga taron zuwa wata Asabar ɗin.

Labarin da ya isa Kabara shi ne yaron nan ya kasa gane abin da masu ilimi suka gane, ya sa an kunyata dattawan da aka gayyata. Bayan la'asar saƙon Na'ima ya shigo:

"Gidaɗo, ni na bar gurbin nan a buɗe, ka sani. Sai da ka bari Yaya Umair yana zaune sannan ka nuna aikina bai yi ba. Dama ɗaya muke da ita wajen Baba, ka zubar da ita saboda jan rubutu. Kada ka kira ni yanzu."

Ba Mai Jan Biro, Gidaɗo kawai. Ya karanta sau ɗaya ya sa wayar a aljihu, don ya san in ya sake karantawa ba zai iya tafiya ba.

Washegari ya roƙi Hajiya aron rajistocin, manya guda uku masu baƙin bango, ya ɗaure su a bayan keke ya kai gida. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida yana bin su da ɗan yatsa. Kowane layi akwai sunan uwa, unguwa, lambar waya, da wani ɗan gurbi da aka rubuta haihuwa ta nawa. Duk inda ya tarar ba sunan yaro sai ya duba wannan gurbin. Ta ɗaya. Ta ɗaya. Ta ɗaya. Cikin sittin da ukun, hamsin da takwas 'ya'yan fari ne.

Inna tana gefe tana tankaɗe. Shi ne ɗanta na fari, kuma tun da ya yi wayo bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Sai dai ta ce masa kai, ko wannan, ko ta aiko ƙanwarsa ta kira shi.

"Inna, da ina jariri, in an tambaye ki sunana a asibiti, me kike cewa?"

Ta kau da fuska tana dariya ƙasa-ƙasa. "Kai, rufe min baki."

"Don Allah, Inna. Aiki ne."

"Sai in ce ga shi nan a bayana."

"In sun matsa fa?"

"Su tambayi kakarka. In ba ta zo ba, su bar wajen haka." Ta kaɗa rariya. "Wai har yau ba su daina tambaya ba?"

Ya ɗauki hoton shafuka huɗu ya tura wa Na'ima, ya rubuta a ƙasa:

"Nana, ban kira ba, kin ce kada in kira. Ki duba gurbin haihuwa ta nawa. Ba sakaci ba ne, kuma ba kuskurenki ba ne. Iyayen ne ba sa faɗin sunan ɗan fari, kamar Innata. Ko an cike na yau, gobe wata za ta zo ta yi shiru. Gurbin da kika bari a buɗe shi ne daidai, sauran kod ɗin ne bai san da shi ba. Na yi laifi da ban faɗa miki tun farko ba, kunya ce ta hana ni. Ki yafe min."

Har ya yi sallar azahar ya dawo ba amsa. Yana naɗe tabarma wayar ta yi ƙara.

"Na ɗauki kwafin bayanan, na gwada yadda Yaya Umair ya ce. Saƙo goma sha takwas ya fita. Da manhajar ta zo kan na goma sha tara, ɗan fari ne, ta tsaya cak. Sauran yara ɗari takwas da wani abu ba wanda zai samu. Mai Jan Birona, ni ce zan ce ka yafe min. Ka zo ofis, na kasa kallon kwamfutar ni kaɗai."

Da suka yi wa Hajiya bayani da Hausa tsantsa, ta tafa hannu ta riƙe haɓa. Ta ce shekara talatin tana fama da wannan a layin awo, uwa ta yi ta wasa da gefen mayafi ana jiran suna. Da sun tambaye ta maimakon su yi ta Turanci a kanta, da tun Laraba an gama.

Kwana biyu suka yi suna gyara. Ba su toshe bakin mai dubawar ba, bin sa suka yi wuri goma sha bakwai ɗin, kowanne suka koya wa manhajar abin da za ta yi in ba suna. Na'ima ce ta tsara saƙon irin waɗannan iyaye: "Salamu alaikum. Gobe ranar rigakafin ɗanki na fari ce. Allah ya raya." In mace ce kuma, 'yarki ta fari. Umair ya zo ya ga gwajin da idonsa. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya miƙa wa Gidaɗo hannu, ya ce shi a Legas bai taɓa cin karo da wannan ba, kuma da bakinsa zai gaya wa Baffa.

Ranar Asabar aka yi taro, Malam ya yi addu'a, saƙonni suka fita har na ƙarshe. Bai ce wa Gidaɗo komai ba. Sai ranar Litinin Hajiya ta ce ana nemansa a Kabara bayan la'asar.

Ya tarar da Malam a zaure, littattafai jere har kusa da rufi, ga wani rubutun hannu a kan cinyarsa yana bi da alƙalami. Gidaɗo ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa ya gaishe shi, ya zauna nesa.

Malam ya ce ya ji daga Umair, ya ji daga Zinariya, yanzu yana son ya ji daga mai abin. Gidaɗo ya yi bayani a hankali, yana tsayawa yana neman kalma, Malam bai katse shi ba ko sau ɗaya.

"Ka san jinkirin nan zai ɓata ka a wajena?"

"Na sani, Baba."

"Amma ka yi."

"Na ga kamar in na rufe ido, wasu yaran za su rasa allura, ba wanda zai san dalili. Kuma ni zan sani."

Malam ya ajiye alƙalamin. Ya daɗe yana kallon ƙofar cikin gida.

"Ni ma ɗan fari ne," ya ce. "Mahaifiyata ta shekara tamanin da ɗaya. Har ta koma ga Allah ban ji sunana a bakinta ba. Ranar da za ta cika, hannuna ta riƙe tana cewa a kira mata wannan, ga ni zaune a gabanta." Ya share gefen idonsa da bakin rawani. "Na duba littattafan mutane shekara arba'in. Masu ilimi suna da yawa. Wanda zai ga wuri wayam ya tsaya ya tambayi dalili, su ne ban cika samu ba."

Gidaɗo dai kansa na ƙasa.

"Sharaɗi ɗaya. Duk Asabar da Lahadi bayan asuba ka zo nan da littafi, mu fara daga inda ka tsaya. Ba zan fasa son surukina ya yi karatu ba."

"In sha Allahu, Baba."

"To, ka turo magabatanka."

Bai san yadda ya sa takalmi ba. Sai da ya kai bakin titi ya tuna ya bar kekensa a ƙofar gidan, ya koma ya ɗauka. Kafin ya hau ya tura saƙo:

"Nana, Baba ya ce in turo."

"Ina bayan labule, na ji komai. Ina ta kuka Umma tana min dariya. Alhamdulillahi, Mai Jan Birona."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura auren a ƙofar gidan Malam, ranar Juma'a da hantsi. Kawunan Gidaɗo suka zo daga rugar dangi da manyan huluna, malaman Kabara suka cika tabarmi, Umair ne ma ke raba goro da alawa. Matan ƙungiyar Hajiya su goma sha biyu suka yi anko, suka ce su ne dangin ango su ne na amarya, kowa ya yi haƙuri.

Da yamma aka kawo amarya Dukawuya. Inna ta tarbe ta da ƙwaryar nono sabuwa, ta zaunar da ita a gefenta, ta ce akwai karsana a ruga da sunanta, duk abin da ta haifa nata ne. Sannan ta ɗora hannu a kan Na'ima ta yi ta addu'a, Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba su haƙuri da juna, ya kawo zuriya mai albarka, ya sa su ga jikokinsu. Mata suka amsa da amin, wata ta rangaɗa guɗa.

Da mutane suka ragu, Gidaɗo ya zo bakin ƙofar ɗakin ya yi sallama. Na'ima ta ɗaga mayafi kaɗan ta dube shi.

"Duk maganar da ka tanada, faɗe ta yanzu. Na san ka yi sati kana shirya ta."

Ya zauna a bakin tabarma. Gaskiya ne, ya shirya magana mai tsawo, har ya rubuta a takarda. Ya laluba aljihu, ya fasa.

"Na gode, Nana," ya ce. "Na gode wa Allah, na gode miki."

Ta jira ko akwai saura. Da ta ga babu, ta yi murmushi ta matso masa da ƙwaryar nonon.

"Ya isa," ta ce. "Bismillah, angona."

Allah ya bar su tare, ya albarkaci gidansu, mu ma ya sa mu dace.